Jinin Ƙaho a Cikin Langa

Tajaye, cikin damina, bayan noman farko, 1993

Zuwa ga ɗana Iliyasu ɗan Cindo, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahamatullahi. Daga babanka Labo, wan mahaifinka. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar ga ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk mutanen garinmu da ke tare da kai a can. Allah ya tsare ku daga sharrin baƙunta, ya sa albarka cikin neman da kuke yi. Mu nan mun gode Allah. Ruwa ya sauka da kyau bana, gero ya kai gwiwa a gonar tudu, wake ma ya fito, sai dai ta fadama da ba a shuka ba don babu mai shuka ta. Innarka Zalika tana nan tana fama. Ƙanwarka Kande ta sauka lafiya tun cikin sanyi, an samu mace, an sa mata Uwani, sunan kakarku. Ka san ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Alkasum malamin lakwal, wato makarantar boko, ke rubuta mani, kuma na ce mashi ya rubuta kamar yadda nake faɗa, kada ya gyara mani baki.

Bayan haka, maganar mahaifinka ce ta sa na aiko. Shi ya hana a gaya maka, ya ce aikin da ka samu a tashar jirgin ruwa ba a barin shi, in ka bari wani ke shiga. Na ji shi, amma ni na girme shi, kuma ban taɓa bin maganarshi ba sai in ta yi mani. Abin da anka gaya maka bara, wai basur ke damunshi, ba basur ba ne. Mu ma haka munka ɗauka. Kaka biyu ke nan yana zubar da jini in ya kewaya, yana ɓoyewa, yana jiƙa saiwoyi yana sha. Innarka ce ta gane wajen wanki. Da anka gama sussuka sai ya zamana ba ya iya kaiwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango yana haki kamar wanda ya yi gudu. Tafin hannunshi ya yi fari fat, leɓenshi ma haka, ƙafafu sunka kumbura. Mutumin da ke ɗaukar dami biyu a kai, buta ta gagare shi.

Da rani ya shigo na ɗora shi bisa amalanke zuwa bakin hanya, munka samu mota har asibitin da ke gaba da Malbaza. Likita ya fara jan fatar idonshi ya duba, ya girgiza kai, kafin ma ya tambayi inda ke ciwo. Sannan ya ce sai ya duba shi ta baya da hannu. Mahaifinka ya tashi zai ɗauki hularshi, ya ce tun da uwarshi ta daina yi mashi tsarki babu wanda ya ga wurin nan. Na ce mashi ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya kwanta. Da anka gama, majo, wato babban malamin asibitin, wani Halilu mutumin Illela, ya fassara mana. Ya ce wani tsiro ne ya fito cikin dubura, irin wanda ake kira daji, shi ke tsiyayar da jini kullum kaɗan-kaɗan kamar tulu mai tsaga. Ya ce ana iya yanke shi a fitar, a buɗe ma bayan gida wata hanya a gefen ciki. Amma ya ce jinin Cindo bai kai rabin na mutum ba. In anka sa shi barci anka yanka haka, ba lalle ya tashi ba, in ma ya tashi ɗinkin ba zai kama ba. Sai an ƙara mashi jini kafin aiki, a kuma ajiye wani a gefe. Kuma asibiti ba ya da rijiyar jini, dangi ke kawowa a jikinsu.

Nan take na naɗe hannun riga na ce su ɗiba. Majo ya ja nawa idon, ya ce Baba, kai ma da za a samu da an ƙara maka. Na ce mashi na yi noma tun ba a haifi ubanshi ba, ya ce shi ya sa. Innarka ta tsufa, Kande tana jego. Ka san garinmu da rani, in ka cire tsofaffi da mata da yara, sai jakuna. Duk mai ƙarfi yana Legas ko Kumasi ko nan wajenku. Sai anka ba mu wasu jajayen ƙwayoyi na ƙarin jini, anka ce ya riƙa cin hanta da wake da zogale, mu dawo da mutane in 'yan ci-rani sun komo. Munka dawo gida munka zauna. Yana shan ƙwaya da safe, da rana ya zubar da abin da ta tara.

Da bazara ta kama, maza sunka fara dawowa da rediyoyinsu da sababbin takalma. Na ɗauki sandata na bi gida gida. Ka san ni, babu gidan da ban san tushenshi ba a garin ga. Na san wanda kakarshi ta sha nono ɗaya da kakarmu, na san wanda ubanshi ya zo daga Badagishiri da jaki ɗaya kakanmu ya yanka mashi gona. Shekarar fari ta farko, da dabbobi sunka ƙare, rumbun Cindo ne ya riƙe gida bakwai har ruwa ya sauka, kuma ina iya lissafa maka yaran da sunka rayu da furar innarka, yau duk sun yi gemu. Duk na faɗa masu, a ƙofar gidajensu, gaban iyayensu. Babu wanda ya musa mani. Kowa ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne Baba Labo. Amma zuwa asibiti, a'a. Wani ya ce allurar nan in ta zuƙe mutum, ƙarfin shekara guda ke tafiya, ga noma ya ƙarato, wa zai ciyar da 'ya'yanshi. Wani ya ce ya ji a Legas sayar da jinin ake yi. Wasu ba su faɗi dalili ba, amma na gane, tsoro suke a auna jininsu a ce an ga sabuwar cutar nan da ake faɗa a rediyo. Ban zage su ba. Na dai tsaya na dube su, na wuce gida na gaba.

Ana nan sai ranar ƙaho ta zo. Ka tuna yadda ake yi kowace bazara kafin shuka, Tanimun wanzami ya shimfiɗa zabirarshi gindin gawon kasuwa, maza su tuɓe riguna su jeru, ya kafa masu ƙaho a baya da ƙeya, ya tsaga da aska, ya zuƙe jinin da zafi ya tara don jiki ya yi sauƙi wajen noma. Na je aski ne kawai. Ina zaune sai na ga mutanen nan da sunka ce mani ba su da jinin bayarwa, ga su a jere suna raha, Tanimun na cire ƙaho yana juye jininsu cikin rami, yana tura ƙasa da ƙafa. Na daɗe ina kallon ramin. Sai na tashi na je gida na ɗauko langar innarka mai marfi, wadda take ajiye ma baƙi, na wanke ta da toka da ruwan zafi har sau uku. Na dawo na ajiye ta gaban Tanimun na ce daga yanzu nan za ka juye. Na ce ma maza, tunda allura kuke tsoro, ga ƙahon da kunka saba, abin da za a ba ƙasa a ba Cindo. Iliyasu, ban taɓa ganin mutanen garin ga sun yi murna da wata magana tawa kamar ranar nan ba. Kowa ya ce a ƙara mashi ƙaho. Mamane ɗan Kaka, wanda ya fi kowa guje mani, ya ce a kafa mashi shida, wai nashi jinin na mai cin naman Kumasi ne, in ya shiga jikin Cindo sai an riƙe shi. Har waɗanda ba su yi niyyar ƙaho ba sunka tuɓe. Liman ya zo ya sa albarka. Kafin azahar langa ta kusa cika.

Na rufe ta, na naɗe da jiƙaƙƙen zane don zafin rana, na ɗaure da igiya. Mota ta kai ni Malbaza, daga nan wani direban kamyon, babbar motar siminti, ya ɗauke ni, Bazabarme ne, ana ce mashi Takama. Na riƙe langar bisa cinyata da hannu biyu, duk ramin da munka faɗa sai na ɗaga ta. Ya tambaye ni ko fura ce, na gaya mashi abin da ke ciki. Ya dube ni, ya dubi hanya, da munka iso kuwa bai wuce ba, ya kashe mota ya biyo ni. Na iske majo Halilu na ajiye mashi bisa tebur na ce ga jinin mutum goma sha wani abu, duk masu ƙarfi, a je a ɗauko mara lafiya. Ya kwance igiya ya ɗaga marfi. Jinin ya daskare ya zama kamar hanta, wani ruwa rawaya na yawo a sama. Bai yi dariya ba, na gode mashi da wannan. Ya mayar da marfi a hankali ya ba ni kujera. Ya ce jinin da ya sha iska ya mutu, ko ɗigo ɗaya ba ya shiga jijiyar mutum, kuma ba a gauraya na mutane, kowa da irin nashi, sai an gwada an ga wanda ya dace. Na ce a dama shi a tace. Ya ce a'a. Na ce to a ba shi ya sha. Ya ce Baba, ka yi haƙuri. Har gobe ban ga inda na yi wauta ba, mutanen nan ne dai, jinin nan ne dai, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi anka miƙa mashi kamawa yake. Na fita bayan asibiti na tona rami da sandata na juye.

Abin da ban hango ba shi ne wanga. Da na dawo gari na sake bin gidaje na ce ba a karɓa ba, sai an je da kai, sai kowa ya ce ai shi ya bayar. Mamane ya juya mani baya ya nuna mani tsagar ƙaho shida, ya ce ga shaida, bai taɓa zubar da jini haka don kowa ba, har jiri ya yi. Kuma da gaskiyarsu, a zuciyarsu sun sauke nauyi, liman ya yi addu'a a kai, duk gari ya gani. Kafin ranar ƙaho kunyata suke ji, in sun hango ni su canza hanya. Bayanta sai su tare ni da fara'a suna tambaya ya jikin Cindo. Ba a yi mako ba ruwan shuka ya sauka, gari ya watse cikin gonaki, magana ta mutu.

Jinin da mahaifinka ya samu, na baƙi ne. Takama direba, tun ranar nan bai bar asibiti ba sai da ya kwanta anka ɗibi nashi, anka ga ya dace. Ya kuma yi magana da wani jandarma abokinshi da ke tsaron hanya, mutumin gabas, ban ma riƙe sunanshi ba, ni da ba na mantuwa. Shi ma ya zo ya bayar, leda biyu ke nan. Da na mayar da Cindo anka rataya mashi ta farko, ta Takama, ya ɗan samu ƙarfin baki, ya ce ma innarka in ta ji ya tashi yana Zabarmanci kada ta tsorata. Da anka sa ta biyu, ta jandarman, ya ce yanzu kowa ya shirya takardunshi, zai fara tambaya. Wannan ce dariyar ƙarshe da na ji daga gare shi. Likita ya ce leda biyu ba ta isa babban aikin ba, amma tsiron ya fara toshe hanya, ba a iya jira. Sai anka yi rabi. Anka buɗe mashi hanya a gefen ciki anka manna leda, tsiron kuwa anka bar shi inda yake, don in an taɓa shi jinin da zai zuba ba su da abin mayarwa.

A gadon da ke kusa da nashi akwai wani tsohon soja na Ƙonni, ya girme Cindo, ciwonsu ɗaya. Shi abokan aikinshi sunka zo cike da mota, anka ƙara mashi har idonshi ya yi ja, anka yanke nashi gaba ɗaya. Muna nan ya tashi, muna nan ya fara zagaya ɗaki, muna nan ya yi mana sallama ya fita da ƙafarshi. Ɗinkin Cindo kuwa ya ƙi kamawa, bakin ciwon fari kamar naman da ya kwana cikin ruwa, ga zazzaɓi. Na tambayi majo me ya bambanta su, ya ce shekara da shekaru yana ganin tsofaffi masu wanga ciwo, wanda ya shiga aiki da jini shi ke fita da wuri, wanda ya shiga babu, ko wuƙa ta yi kyau jiki ba ya da abin da zai yi gini da shi. Mun daɗe can kafin ciwon ya rufe anka sallame mu.

Yanzu yana gida, kwance a ɗakin innarka. Ita ke wanke ledar, ba ta yarda kowa ya taɓa. Ya daina fita masallaci don yana ganin alwalarshi ba ta tsayawa, ko da liman ya zo da kanshi ya ce mashi lalura ce, Allah ya sani. Yana salla a zaune. Jinin bai daina zuba ba. Na baƙin nan da anka sa mashi ya ƙare, idon ya koma fari. Ni kuwa ban san yadda zan gaya maka halin da nake ciki ba. Ba na kuka, ba na jin haushi. Ina zuwa gona in yi abin da na iya, in dawo in zauna kusa da shi. In an kawo tuwo in ci, ban san ko da gishiri ko babu ba. Ka san kowace Salla ni ke jera sunayen mamatan gidanmu a yi masu addu'a, tun daga wanda ya sari garin. Kwanan nan in ina bin su a zuciyata, in na zo ƙarshe sai in ji bakina bai rufe ba, kamar da saura ɗaya. Kakanka ma haka ya tafi, da zubar jini da farin ido, munka ce basur ne. Ni na riƙe shi, Cindo yana ƙarami. Ban yi zaton zan ga abin sau biyu ba.

Ga abin da ya rage. Ranar da anka sallame mu, likita ya ce in an samu mutum huɗu ko biyar da jininsu ya dace, a dawo da shi kafin a yanke gero, zai gwada cire tsiron. Bai yi alkawari ba. Ya ce in an wuce haka, kada a wahalar da shi da hanya, a ba shi abin da ranshi ke so. Nan garin na gama da su, kuma sun gama da ni. Saura ku da ba ku zo damina ba. Kada ka aiko da kuɗi, ba abin da za su saya. Ka zo da jikinka. Ka nemi Umaru ɗan Ɗan'azumi da duk wani ɗan Tajaye da ke nan Abijan wanda bai zauna gindin gawo ranar nan ba, ka karanta masu takardar ga kamar yadda take, har wurin langa, ban damu su yi dariya ba. Ka gaya masu allura ce ƙarama, na ga direban nan ya tashi daga gado ya ja motar siminti. Majo ya ce ba lalle naka ya dace ba ko da kai ɗanshi ne, sai an gwada, shi ya sa nake so ku zo da yawa. In aikinka ya tafi, ya tafi, ka ce ni na sa, mahaifinka ya yi fushin da ni in ya samu ƙarfin yi. Zumunta a ƙafa take.

Ka gaishe da matarka Fatuma da kyau, da 'yarka Zulai da ban gani ba tukuna. Ka gaishe da Umaru da mai gidan da kuke haya. Innarka tana gaishe ka, ta san na rubuto, ta tambayi kwana nawa takarda ke yi a hanya. Kande tana gaishe ka, Alkasum mai rubutu ma ya ce in sa tashi.

In mota ta sauke ku bakin hanya, kun shigo gari, ka dubi ƙofar gidanmu tun daga nesa. In ka ga babu kowa, kada ku sauke kaya, za mu ɗauke shi mu juya a ranar. In kuwa ka ga an shimfiɗa tabarmi mutane na zaune, to ka sallami abokan tafiyarka su je gidajensu su huta, kai ka ƙaraso a hankali, za ka iske ni a nan.

Allah ya kawo ku lafiya. Wassalam.

Ni ne babanka,
Labo na Tajaye